Ranar Da Jirgi Ya Yi Mana Kuka A Kogin Haɗeja

Wanda ya saba da Dutse, garin duwatsu da dabino, zai yi mamaki in aka ce masa a nan kusa akwai inda sai da jirgin ruwa ake zuwa makaranta. Ni ma ban gani da idona ba sai a daminar da ta wuce, lokacin da na raka abokin karatuna na Jami'ar Tarayya ta Dutse gaishe da mahaifiyarsa a wani ƙauye na yankin Miga.

Mun bi ta Kiyawa zuwa Jahun, daga nan babur ya kai mu bakin Kogin Haɗeja. Ruwan nan daga Kano yake gangarowa, daga kogunan da aka datse a Tiga da Challawa, ya ratsa Wudil da Ringim. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa da ya cika sai ya malale cikin gonakin shinkafa. Har yau mutanen wurin ba su daina zancen ambaliyar 2022 ba.

Kwale-kwalen katako sun fi yawa, amma mu wani ƙaramin jirgin alminiyam mai inji muka samu. A cikinmu har da 'yan mata biyu riƙe da littattafai. Ba mu yi nisa ba sai jirgin ya kama karkarwa, yana ƙara kamar ana kaɗa faranti, har haƙorana suna haɗuwa. Dattijon da ke tuƙi ya kashe inji, ya sa gora ya mayar da mu gaɓa.

Na ce, "Baba, ai da ka daure mun ƙarasa."

Ya ce, "Ɗana, jirgi ba ya kuka a banza."

Ya ɗaga injin. Ashe igiyar koma da ganyen kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin, sun naɗe farfela. Ya yanke su da wuƙa, ya shafa fuka-fukanta ko ɗaya ya lanƙwashe. Sannan ya sassauta maƙalan da ke riƙe injin a gindin jirgi, ya cusa yankin tsohuwar taya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya ɗaure tamau. Wani gwangwanin kwalfe ruwa da ke rawa a ƙasa ma ya naɗe shi da buhu. Da ya sake tayarwa, sai gurnanin inji kawai.

Ƙannena ɗalibai, darasin kimiyya ke nan a fili. In nauyin farfela ya karkata gefe guda, kowane juyi sai ta girgiza inji. Alminiyam kuwa ba shi da kauri, sai ya ɗauki girgizar ya ƙara mata amo kamar fatar ganga. Roba ita ke shanye ta. In aka ƙyale, ƙusoshi su sassauta, ruwa ya samu ƙofa, ko inji ya mutu a tsakiyar kogi.

Don haka in kuna ƙetare ruwa, kada ku matsa wa matuƙi ya yi sauri kamar yadda na yi. Kada ku shiga jirgin da aka cika maƙil, kuma in akwai rigar kariya ku sa. Mun isa ƙauyen bayan la'asar, a makare amma lafiya lau, 'yan matan nan kuma ko shafi ɗaya na littafinsu bai jiƙe ba.