Daga Mafara zuwa Maradun: Mayen da ba ya wari

Da gangan na zaɓi ranar Talata don isa Talata Mafara, domin duk wanda ke son ganin garin cikin kamarsa sai ya zo ran kasuwa. Tun kafin motarmu ta shiga gari muka fara cin karo da masu zuwa cin kasuwa: akori-kura cike da buhunan shinkafa da mutane zaune a samansu, amalanken shanu, da babura birjik. Wani babur da ya wuce mu na ƙirga mutum huɗu a kansa, ban da akuyar da aka ɗaure a kan tanki. Ni kaɗai na waiwaya a duk motar. Sauran fasinjoji sun saba.

Garin yana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma gari ne na ɗalibai, don a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take. Shi ya sa rabin waɗanda na gani a bakin tasha ba su wuce shekarunku ba, 'yan uwana ɗalibai. Wasu fasinja ne, wasu kuma su ne 'yan kabu-kabun.

Na zauna shan shayi kusa da tasha ina kallon yadda ake lodi. Ƙaramar mota mai kujerar mutum biyar, kamasho ya zuba mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, sannan ya buɗe but ya ce wa wasu samari biyu su hau. A teburin mai shayin ne na haɗu da wani jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wanda ya tashi daga aiki. Na tambaye shi ko wannan lodi ba laifi ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, laifi ne mana. Har da kuɗinsa a rubuce."

An kafa hukumar a 1988, kuma fitaccen marubucin nan Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokarta ta 2007 tana da jadawalin laifuffuka da tarar kowanne. A wannan jadawali, lodin da ya wuce kima naira 10,000 ne, tuƙi ba lasin shi ma 10,000. Waya a hannu ana tuƙi 4,000, gudun wuce sa'a 3,000, rashin ɗaura bel ko hawan babur ba hular kwano 2,000. Tuƙin ganganci shi ne mai tsada, naira 50,000. Kuma ba a hannun jami'i ake biya ba, takarda zai rubuta maka ka je ka zuba a asusun gwamnati. Wanda ya miƙa masa na goro ya sake jawo wa kansa wani laifin na naira 10,000. Wannan na ƙarshen ya ba mai shayi dariya har sai da ya ajiye buta.

Da hantsi na hau motar Bakura. Ana bin hanyar Sakkwato ne, sai a karya a Lambar Bakura. Muna fita gari direba ya taka mota. Na leƙa allurar gudu na ga ba ta aiki, tana kwance kan sifiri, amma bishiyoyi wucewa suke kamar ana jan su da igiya. A ƙa'ida, motar haya ba ta wuce kilomita 80 a awa a irin wannan hanya, cikin gari kuwa 50. Na buɗe baki zan yi magana, sai wata dattijuwa a baya ta riga ni, amma ba abin da na zata ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Direba, ƙara wuta mu wuce wurin ga." Kowa ya san abin da take nufi. A wannan yanki tsoron 'yan bindiga ya sa tafiya a hankali ta zama abin fargaba, har fasinja ne ke zuga direba. Ban ga laifin tsohuwar ba. Sai dai na kalli tayar gaba lokacin da muka tsaya a shingen sojoji, ta suɗe sumul kamar tafin hannu. Mun gudu daga mutuwar da muke zato, muna zaune a kan wadda muke gani.

Bakura gari ne mai natsuwa in an gwada shi da Mafara, ga kwalejin aikin gona, ga fadamu. Sunansa ya zaga duniya ne saboda ɗansa Ahmad Sani Yariman Bakura, gwamnan da ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, dokar hukunta laifuffuka kuma ta fara aiki a Janairun 2000. Af, abin sha'awa, waɗannan ƙananan hukumomi uku da na zaga kowacce ta ba Zamfara gwamna: Bakura ta ba da Yarima, Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, Maradun ta ba da Bello Matawalle. Ga mai shirin gasar kacici-kacici, ya rubuta ya ajiye.

A ƙarƙashin waccan doka, Musulmin da aka tabbatar ya sha giya bulala 80 ne hukuncinsa. Ba a sayar da ita a fili, Hisba kuma na farautar masu ɓoyewa. Saboda haka da na gaya wa abokina, malamin sakandare da ya sauke ni, cewa ina rubutu kan dokar tuƙi cikin maye, sai ya ce, "Ai ka yi ɓatan kai. Wannan doka ta mutanen Legas ce. Mu nan wa ke shan giya?"

Haka ni ma na ɗauka a da. Amma dokar ba giya kaɗai ta ambata ba, cewa ta yi giya ko ƙwaya. Tarar naira 5,000 ce a jadawalin 2007, in kuma aka je kotu tana iya kaiwa ɗaurin shekara biyu. Wanda ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci kuwa ɗaurinsa na iya kaiwa shekara bakwai. Mai giya warin bakinsa ke tona masa asiri, akwai ma na'urar da ake ba direba ya hura ta nuna abin da ya sha. To ita wannan na'ura giya kawai ta sani. Ba ta san tiramol ba, ba ta san kodin ba, ba ta san wiwi ba. Yaro zai haɗiyi ƙwaya da ruwan leda, ya wanke fuska, ya sa hula zanna, ya gaishe ka da ladabi, ka hau bayansa da bisimilla.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Masu aikin ƙarfi da 'yan kabu-kabu na shan sa wai don kada su gaji. Abin da yake yi shi ne ya ɓoye gajiyar, ba ya kore ta. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana jinkirta saƙo tsakanin ido da ƙafar da ke kan burki, in kuma an sha da yawa yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ku auna a filin makarantarku ku gani, tsawon aji biyu ne a jere. Jinkirin daƙiƙa ɗaya tak ke nan. Matsalar kuma ba ƙarama ba ce: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A Mayun 2018 kuma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya tona yadda matasa ke kwankwaɗarsa.

Abokina ya yi shiru, sannan ya ce in zo mu je gaida wani ɗalibinsa. Mun same shi kwance a zaure, an ɗaure cinyarsa da karan ɗori. Ɗan aji biyar ne, shekararsa 17. Ba shi ke tuƙi ba, goyo aka yi masa daga wurin ɗaurin aure, abokan ango na wasa da babura. Ya ce tun kafin ya hau ya lura idon abokin nasa ya yi ja, maganarsa na jan ƙafa, amma ya ji kunyar sauka kada a ce masa matsoraci. Mahaifinsa, wanda ke zaune a gefe yana jan carbi, ya ce ya sayar da ɗaya daga cikin shanun noma biyu da yake da su, kuma damina na tafe. Ban tambayi labarin mai tuƙin ba, don na ga yadda dattijon ya sunkuyar da kai da aka ambace shi. Yaron ya rasa zangon karatu guda cur.

A hanyar komawa masauki na riƙa lissafi. Naira 5,000 yau ko rabin tankin ƙaramar mota ba za ta cika ba. A ganina tarar ta yi kaɗan ƙwarai, kuma ko an ninka ta goma, jami'i nawa ake da su da za su tsaya a kowace kwanar ƙauye tsakanin Bakura da Maradun? Hukumar ZAROTA ta jiha da 'yan sanda da FRSC duk a kan kwalta suke. Galibin hawan da ɗalibi ke yi kuwa a hanyar burji ne, inda ba mai ganin idon direba sai wanda zai hau bayansa.

Washegari na koma Mafara na kama hanyar Maradun. Wannan ɓangare na tafiyar shi ya fi kyau. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ce ke shayar da gonakin rani na wannan yanki, sai ka ga shinkafa shar a tsakiyar rani, ga masunta, ga balbelu. Tsofaffi ba su manta da 1980 ba, lokacin da aka buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta. Yau jikokinsu ne ke jigilar amfanin gonar a kan babur, buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki. Da yawansu ba su kai 18 ba, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasin. Na ga wani yaro da sai ya karkata gefe ɗaya ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Hular kwano kuwa ko ɗaya ban gani ba a kwana biyun nan. Da aka fara tilasta sa ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka riƙa kifawa a ka, labarin ya zama abin dariya har a ƙasashen waje. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mutanen Maradun sun san dokar babur, amma ta wata fuskar: a 2021 gwamnati ta taƙaita hawansa da dare, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, duk saboda tsaro. Wannan dokar kowa ya bi ta, don da bindiga aka tsare ta.

Da la'asar sakaliya na fito neman abin hawa, don ba a son dare ya riski mutum a hanya. Wani saurayi ya sha gabana da babur yana murza totur, ya ce, "Yallaɓai, hau, minti kaɗan mu kai." Na dubi idonsa, na tuna yaron da ke kwance a zauren Bakura. Na ce masa ina jiran wani. Ya ja tsaki ya fige da gudu, sauran 'yan kabu-kabun suka yi mini dariya, ɗaya ya ce baƙo tsoro ya kama shi.

Na je wurin wani dattijo mai furfura da ke gefe yana goge madubin tsohon babur ɗinsa. Na ce, "Baba, tasha za ka kai ni." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni fa ba ni sauri." Na ce na gani. Ya ƙara mini naira ɗari a kan kuɗin da saurayin ya faɗa, na biya. Motar Mafara ta ƙarshe saura mutum ɗaya ta cika muka iso.