Dodon da Ake Ganin Ɗinkin Rigarsa



A cikin fina-finan ban tsoro akwai wani jinsi da ake nemansa saboda muninsa. Shi ne wanda aka haɗa da ƙaramin jari, a ɗaki biyu da wani kango na bayan gari. Jininsa ruwan tumatir ne, fatalwarsa an shafe ta da hoda har kunne, kuma idan aljani ya tashi sama sai ka hangi igiyar da ke riƙe da shi. Ni dai ina cikin masu sha'awar irin wannan, kuma na san za a ce me ya haɗa magatakardan dattijon al'umma, wanda ya haura hamsin, ya taso da allo da tawada, da wannan shirme. Ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu da muka taso a Tamale mun riski ƙarshen zamanin gidajen silima, irin su Rivoli da Victory, sannan muka ga shigowar kaset. A 1987 William Akuffo ya fito da Zinabu, labarin wata mayya, wanda ya ɗauka da na'urar bidiyo, kuma daga nan kasuwar fim ta Gana ta sauya. A farkon shekarun 1990 ya biyo da Diabolo, mutumin da ke rikiɗa maciji yana yaudarar mata, su riƙa aman kuɗi. Daga Najeriya aka kawo Living in Bondage na 1992 da Nneka the Pretty Serpent na 1994. Daga Indiya kuwa ga na 'yan gidan Ramsay, irin su Purana Mandir na 1984, mai dodo kamar an ƙera fuskarsa da laka. Masu yawon nuna fim da talabijin da janareto suna tallata hajarsu da hotunan da aka zana da hannu a kan buhun fulawa. Sau da yawa abin da ke jikin buhun ya fi na cikin fim ɗin ban tsoro, har yau ga shi masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai suna sayen buhunan da tsada.

Wannan sha'awa ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka akwai Plan 9 from Outer Space na Ed Wood, wanda a 1980 wasu masu sharhi suka naɗa shi mafi munin fim da aka taɓa yi. Duwatsun maƙabartarsa na kwali ne, suna rawa idan an gifta. Babban ɗan wasansa, Bela Lugosi, ya rasu a 1956, sai aka sa wani da ya fi shi tsawo ya riƙa rufe fuska da mayafi a madadinsa. Duk da haka har yanzu mutane suna taruwa su kalle shi suna tuntsira dariya.

To, ina daɗin yake? Na farko, kallo ne na taro. Fim mai kyau yana sa kowa ya yi tsit, shi kuwa mummuna yana buɗe bakin jama'a. Wannan ya ce, "Kai, ku dubi takalmin fatalwa, irin na kasuwar Aboabo ne!" Wancan ya ce, "Malam, ai wannan gawar tana numfashi." Sai ka ga tsoho da yaro, Bahaushe da Badagombe da Bamoshe, duk dariya ɗaya ta haɗa su. Na biyu, yana tuna mini tatsuniyar kakanninmu. Idan kaka ta kumbura murya tana kwaikwayon Dodo, mun san ita ce, muna jin ƙanshin man kaɗanya a jikinta, amma muna ƙanƙame juna don daɗi. Tsoro ne mai linzami, wanda kake hawa ka sauka lokacin da ka ga dama.

Na uku shi ne wanda aikina ya nuna mini. A littafin da nake rubuta ƙararrakin da ake kawowa zauren maigida akwai rikicin aure, da na gado, da na iyakar fili. Akwai kuma zargin maita, kuma babu shafin da ya fi shi yi mini nauyi a hannu. Wata rana aka kawo wata tsohuwa, wai yaron maƙwabta ya yi mafarkinta, ya wayi gari da zazzaɓi. Uban yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ta kama kurwarsa." Maigida ya dubi tsohuwar ya ce, "Iya, zauna ki sha ruwa." Sannan ya umarci a kai yaron asibiti kafin a ƙara ko kalma ɗaya. Aka auna jini, aka sami zazzaɓin cizon sauro. Ban san inda tsohuwar nan za ta kwana ba da an bar maganar a hannun matasan unguwa.

Mu a arewacin Gana mun san ƙarshen irin wannan zargi. Akwai matsugunan matan da aka kora daga gidajensu a Gambaga da Kukuo da Gnani da Kpatinga. A watan Yuli na 2020 aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, dukan da ya kashe ta a Kafaba, mutane na tsaye suna kallo. A 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin haramta zargin maita, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba.

Ba zan wanke waɗannan fina-finai tas ba, domin da yawansu tsohuwa matalauciya suke ɗora wa fuskar mayya, kuma yaro yana haddace abin da ya gani. Saboda haka nake cewa kada a bar yara su kalla su kaɗai. A zauna tare da su, a nuna musu hodar, a nuna musu igiyar, a ce, "Ka ga wannan? Mutum ne irinka ya ƙulla shi don ya sami na tuwo." Yaron da ya saba gano ɗinkin rigar dodo a talabijin, idan ya girma wani boka ya zo unguwa yana karkarwa yana nuna tsohuwa da yatsa, zai nemi igiyar kafin ya nemi sanda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai ga mai ido.

Mun yi imani da samuwar aljanu, kuma an koya mana abin da za mu karanta don neman tsari: Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu. Ba a koya mana mu ɗora wa baiwar Allah laifin kisa a kan mafarki ba. Wanda ya riƙe wannan zai iya zama a gaban aljanin roba ya yi dariya har hawaye, ya tashi ya yi alwala ya kwanta lafiya.

Ku kuma fa, wane fim ne ya fi ba ku dariya alhali an yi shi don ya firgita ku? Allah Ya tsare mu da zalunci, Ya rufa wa tsofaffinmu asiri. Amin.