Inda Ji Yake Korar Gani

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mun tashi muna jin wannan karin magana, muna kuma kafa hujja da shi a cikin aji da wajen aji, domin kuwa shaidar ido ta fi ta kunne ƙarfi. Amma akwai wani gida guda inda al'amarin yakan juye, ji ya kori gani, wato gidan adana kayan tarihi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya lura da masu ziyara a irin wannan wuri zai ga cewa akasarinsu sukan fara sunkuyawa ne su karanta 'yar takardar bayanin da aka liƙa a jikin akwatin gilashi, sa'an nan su ɗaga kai su dubi abin da ke ciki. Kafin ido ya sauka a kan abin, takarda ta riga ta gaya masa abin da zai gani. In ta ce kambin sarki ne, sai ido ya ga sarauta. In ta ce kaskon tuya ne, sai ya ga baƙin hayaƙi.

Wani malamin zane a Jami'ar Cornell ta Amurka, mai suna Norman Daly (1911-2008), ya gano wannan rauni namu na 'yan Adam, ya kuwa yi wasa da shi wasa mai kyau. A shekarar 1972 ya baje kolin kayan wata tsohuwar daula mai suna Llhuros a gidan nune-nunen jami'ar, a garin Ithaca. Kaya ne fiye da ɗari: gumaka, da tasoshin ibada, da kayan busa, da manyan ƙyamaren ɗakin bauta, kowanne da lambarsa da takardar bayaninsa. Aka ce daular tana yankin Asiya Ƙarama ne, gabas da tsohuwar daular Lidiya, wato cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Aka kasa tarihinta zamani-zamani, tun daga tasowarta har zuwa lalacewarta. Aka buga kundin bayani cike da hashiya, da fassarar waƙoƙin mutanen ƙasar, da muhawarar manyan masana, wannan yana kushe ra'ayin wancan cikin ladabin malamai.

Daular nan kuwa babu ita, ba a kuma taɓa yin ta ba. Daly shi ne maƙerin, shi ne mawaƙin, shi ne mai tonon kufan, shi ne shehin malamin da ya yi bayani, shi ne kuma ɗayan shehin da ya ƙaryata shi. Kayan da ya haɗa gumakansa da su tarkace ne na yau da kullum: kayan ɗakin girki, da ɓaraguzan injuna, da robobi, da abin da ake cusawa cikin kwali don kada kaya su fashe. Ya harhaɗa su, ya shafe su da launin tsatsa da na tsohuwar tagulla, har suka yi kama da abin da ya shekara dubu a cikin ƙasa. Sai dai bai rufe asirin duka ba. Da gangan yakan bar alama, yadda mai kallo da ya ƙura ido zai gane siffar wani abu da ya baro a gidansa da safe.

A nan ne dariyar take, kuma tana zuwa ne hawa-hawa. Da farko mutum ya shiga da natsuwa, hannu a baya, yana gyaɗa kai. Can sai wani abu ya tsaya masa a rai. Ya sake dubawa, ya matsa kusa, sai ga shi ya gane. Sai ya tuntsire da dariya, amma in ya yi wa kansa adalci zai san cewa ba gunkin yake wa dariya ba, mutumin nan da ya gama gyaɗa kai ɗazu yake wa.

Don mai karatu ya ɗanɗana abin, sai ya ƙaddara an ɗauki maburgin miyar kuka, an shafe shi da tsatsa, an kwantar da shi bisa jan ƙyalle, an haska masa fitila, an rubuta a ƙarƙashinsa: "Sandar mulkin sarauniya, zamanin tsakiya. Rassan da ke kanta suna nuni da kusurwoyin duniya huɗu. Santsin da ke jikin mariƙinta shaida ne na yawan rantsuwa da ita." Sa'an nan a hashiya wani malami ya musa, ya ce ba ta sarauniya ba ce, ta babban boka ce. Mutum nawa ne daga cikinmu za su yi ƙarfin halin cewa, "Malam, ai wannan maburgi ne"? Tsoron kada a ce mana jahilai shi ne babban mataimakin takardar bayani.

Daly ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Tun a shekarar 1956 wani masanin al'adun al'umma Ba'amurke, Horace Miner, wanda ya yi bincike a Tambutu, daga baya kuma a Ancau ta ƙasar Zazzau, ya buga wata maƙala a babbar mujallar masana fanninsa game da wata ƙabila mai suna Nacirema. Ya bayyana yadda kowane gida nasu yake da ɗakin tsafi mai akwatin layu a bango, da yadda sukan cusa damin gashin alade a baki kowace rana, da yadda sukan kai kansu ga bokayen baki su azabtar da su. In aka karanta sunan ƙabilar daga ƙarshe zuwa farko, sai ya ba da kalmar da Amurkawa suke kiran kansu da ita. Ɗakin tsafin banɗaki ne, damin gashin buroshin goge haƙori ne, bokayen kuwa likitocin haƙori ne. Haka kuma a shekarar 1979 David Macaulay ya fitar da littafinsa mai zane-zane, Motel of the Mysteries, inda wani mai tonon kufai na shekarar 4022 ya tono ɗakin wani ƙaramin otel, ya ɗauka kabarin manya ne, ya kira talabijin babban wurin hadaya, ya rataya murfin masai a wuya a matsayin kayan ibada. Dukkansu darasi ɗaya suke koyarwa: muryar masani, in an iya kwaikwayonta, tana iya mai da komai ya zama komai.

To, a nan ne dariyar takan ɗan maƙale mana a wuya, mu mutanen wannan nahiya. Abin da Daly ya yi da wasa, an yi mana shi da gaske, sai dai a juye. Shi ya ƙera kayan ƙarya ya ba ƙasar ƙarya. Mu kuwa kayanmu na gaskiya aka ɗauka aka ba ƙasar ƙarya.

A shekarar 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya isa Ile-Ife, aka nuna masa wani kan mutum na tagulla da ake dangantawa da Olokun. Kyan aikin ya gigita shi, amma ya kasa yarda cewa kakannin mutanen da ke tsaye a gabansa ne suka zuba shi. Sai ya nemo wa kan wata ƙasa, ya ce ragowar daular Atalantis ce, tsibirin nan da masanin falsafar Girka, Aflatun, ya ba da labarin nutsewarsa a teku. A watan Janairu na 1911 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa an gano Atalantis a Afirka. Atalantis da Llhuros duk jirgi ɗaya ya kwaso su, babu wadda ƙafar mutum ta taɓa takawa. Bambancin kawai shi ne Frobenius bai bar wa kowa alamar dariya ba. A shekarar 1938, ana cikin tonon harsashin gini a unguwar Wunmonije kusa da fadar Ooni, aka ci karo da wasu kawunan masu yawa, bincike kuma ya tabbatar da cewa aikin mutanen Ife ne, na tsakanin ƙarni na 12 da na 15.

Haka aka yi wa ganuwar duwatsu ta Zimbabuwe. Karl Mauch ya gan ta a 1871 ya danganta ta da Sarauniya Bilƙisu, wasu suka ce aikin Finiƙiyawa ne. David Randall-MacIver a 1905, da Gertrude Caton-Thompson a 1929, sun yi tono sun nuna cewa 'yan Afirka ne suka gina ta. Duk da haka gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya ta ci gaba da matsa wa masu rubuta bayanin wurin, har masanin kufai Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. Dalili a fili yake: in mutanen ƙasa sun taɓa gina birni, hujjar mulkinsu da sunan waye musu kai ta rushe. Ashe 'yar takardar nan da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba tana iya raba al'umma da kakanninta. Ba banza ba ƙasar ta ɗauki sunan wannan kufai ranar da ta sami 'yanci a 1980.

Saboda haka muke ganin aikin Daly ya fi kusa da tatsuniya bisa ga ƙarya. Kaka mai tatsuniya takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku," ta rufe da "ƙurunƙus," har ta jingina ƙaryar ga Gizo, don kada yaro ya kwana da ita a matsayin labari. Tana faɗin abin da bai faru ba, amma ba ta yaudari kowa ba, kuma yaron da ya sha jin dabarun Gizo yakan tashi da wuyar cuta. Alamun da Daly ya bari a jikin gumakansa su ne nasa ƙurunƙus. Maƙaryaci yana so ka tafi da abin da ya faɗa maka. Mai tatsuniya yana so ka tafi da hankalin da za ka auna abin da wani zai faɗa maka gobe.

Wannan batu ya shafi sana'armu kai tsaye, mu malamai da ɗaliban adabi, domin mu ma marubuta takardar bayani ne. Sharhi, da gabatarwa, da bayanin jigo da salo da zubi da tsari, duk takardu ne da ake liƙawa a jikin akwatin gilashi. Suna da amfani, ba mu ce a yage su ba. Wanda ya shiga gidan tarihi mara bayani zai fito kamar yadda ya shiga. Hatsarin yana inda ɗalibi zai haddace jigon Ruwan Bagaja daga takardar darasi, ya amsa tambaya a kansa, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa zama ya yi dariyar Malam Zurƙe da kansa ba. Irin wannan ɗalibi, in aka ƙago masa littafin da babu shi, aka haɗa masa da sharhi mai hashiya da sunayen shehunnan malamai, zai rubuta shafi goma a kansa ba tare da gezau ba. Kuma shi ne gobe zai karɓi abin da baƙo ya rubuta game da garinsu, ya maimaita wa 'ya'yan garin.

Shawararmu ga ɗalibanmu ƙarama ce. Ku fara duban abin kafin ku karanta bayaninsa. Ku karanta waƙar kafin sharhinta, ku saurari makaɗin kafin ku ji abin da aka ce ya nufa. In kun zo kan bayanin, ku tambaya wa ya rubuta shi, yaushe, da wace hujja, me kuma zai samu in kun yarda. In idonku ya ce maburgi ne, ku faɗa cikin ladabi, ko da wanda ya ce sandar sarauniya ce yana da digiri uku. In kun yi kuskure za a gyara muku, kun ƙaru ke nan.

Kayan Llhuros sun yi tafiya bayan 1972. An nuna su a birnin Kolon na Jamus a 1974, a cikin gidan adana kayan tarihin Rumawa na gaskiya. A shekarar 2019 kuma, shekara 11 bayan mutuwar Daly, aka baje su a babban bikin nune-nunen fasaha na Istambul, a ƙasar da aka ce can ne kufan daular yake. Gumakan tarkace sun je ganin gida, gidan da ba a taɓa ginawa ba. Kawunan Ife kuwa suna da gida, suna da magada, suna da suna, an kuma daɗe ana gwagwarmaya kafin a rubuta sunan daidai a jikin gilashi.