Dodon Da Ba Shi Da Lago

Wanda ya fita birnin Kano ta hanyar Gwarzo, ya wuce Janguza, ya shiga ƙasar Tofa, ba zai ga daji ba. Gona ce ta haɗu da gona, gida yana hangen gida, sai ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye cikin gonaki. Da damina tumaki da awaki a turke su ke kwana su yini, a yanko musu ciyawa, domin babu filin kiwo. Saboda haka yaron Tofa na yanzu bai taɓa jin kukan kura da dare ba. In ya ga kura, to, ko dai a hannun gardi da takunkumi a bakinta, ko kuwa a gidan namun daji na Audu Bako cikin birni.

Amma namun da suka ƙare a ƙasa ba su ƙare a baki ba. Suna nan cikin tatsuniya, su da Dodo. Suna nan kuma a bakin kududdufi, inda yara su kan ɗebi yumɓu bayan kaka, su gina bijimai masu ƙahoni, su shanya su, sa'an nan su gwabza su. Wanda ƙahonsa ya fara karyewa an ci shi.

Akwai waɗansu samari goma sha biyu na wani ƙauye a ƙasar Tofa da suka yi wannan wasa tare suna yara. Da suka girma neman abinci ya raba su. Wani yana dako a kasuwar Dawanau, wani yana gadi a Legas, wani ɗan mahauta kuwa yana can Fatakwal yana tsire. Da fari su kan kira juna a waya. Sannu a hankali magana ta ƙare, ba sauran kome sai "Yaya aiki?" da "Yaya mutanen gida?" Zumuncin da ya rage gaisuwa kaɗai kuwa ya kusa mutuwa ke nan.

Wani tela daga cikinsu, wanda bai bar gida ba, shi abin ya fi damu. Ran nan ya ga ƙanensa da wani wasa a waya, na waɗansu halittu da a kan kama, a hore su, a haɗa su faɗa. Sunan wasan Pokémon. Ya fito daga ƙasar Japan a 1996, da halittu 151. Mutumin da ya ƙago shi, Satoshi Tajiri, sa'ad da ya ke yaro aikinsa kamun ƙwari ne a filayen garinsu kusa da Tokyo, har gine-gine suka zo suka cinye filayen. Watau shi ma dajinsa ne ya ƙare, ya mayar da shi cikin na'ura. Tela ya ce a ransa, ashe bijimin yumɓu ne aka sake wa riga.

Sai ya buɗe zaure a WhatsApp, ya jawo su duka, ya ce kowa ya ƙirƙiro dodonsa, ya ba shi suna da kama. Ba hoto, ba na'ura mai hukunci. Da baki za a yi, kamar tatsuniya, sai dai wannan tatsuniya mutum goma sha biyu za su riƙa ba da ita tare, kowa yana riƙe da bakin zarensa. Wanda bai iya rubutu ba ya aiko da murya.

Kai, daren farko zaure ya cika! Mai dako ya zo da kunkuru mai bayan dutse. Mai gadi ya zo da mujiya wadda ta ke gani ta cikin bango. Wani ya kawo damo mai fesa wuta. Ɗan mahauta kuwa ya ce nasa baƙin sa ne mai ƙaho bakwai, wuta ba ta ƙona shi, ruwa ba ya cin sa, ƙarfe ba ya huda shi, ba ya barci, ba ya jin yunwa. Aka yi dariya, aka ce madalla.

Dariyar ba ta kwana uku ba. Duk dodon da ya fito, sai ɗan mahauta ya aiko da murya ya ce, "Na soke shi, ya mutu." Mai damo ya ce ya feso wuta, ya ce ai ba ta kama shi. Mai mujiya ya ce ta tashi sama, ya ce ƙahon nan ya kan miƙe har gajimare. Ran na huɗu mutum biyar suka yi shiru, mai gadi ya fita daga zauren. Wasan da aka shirya don ɗinke zumunci ya soma yaga shi.

Tela ya kira ɗan mahauta, don ya girme shi, ya ce, "Yaya, ka rage wa san nan ƙarfi mana." Ya ce, "Kai ka ce kowa ya ƙirƙiro abin da ya ke so. Nawa ke nan." Gaskiyarsa kuwa, haka aka ce. Laifin na mai shiri ne, wanda ya buɗe fage bai shata iyaka ba. Kuma bai kamata a yi saurin zargin ɗan mahauta ba. Mutum ne da ya ke yini a garin da ba a jin harshensa, mai rumfa ya yi masa tsawa, mai karɓar haraji ya yi masa tsawa. Da ya sami wuri guda a duniya inda ba mai iya kā da shi, ina mamaki don ya riƙe shi da hannu biyu?

A ƙofar shagon tela akwai wani dattijo da ya kan zauna da yamma. Shi ya ji zancen, ya ce, "Ɗana, ba ku yi tashe ba ne?" Ya ba shi labarin zamaninsu, yadda su kan soma shiri tun kafin goma ga watan azumi, ranar da a ke fara fita. Shi ne ya kan yi gardi, wani yaro ya yi kura, a ɗaura masa igiya. Kafin su taka ƙofar gidan kowa sun riga sun gama magana: ga inda kura za ta zabura, ga inda mata za su watse da ihu, ga kuma inda gardi zai daka mata kulki ta kwanta. Wata shekara suka sami yaro mai taurin kai, ya ƙi kwanciya. A buga, ya tashi. A buga, ya tashi. Masu gida suka gaji, ba wanda ya ba su ko moɗa guda ta gero. Ya ce, "Kwanciyar kura a ke saye, ba tsallenta ba."

Tela ya ce, "To, Baba, yaya za a yi?" Dattijo ya ce, "A nemo lagonsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta."

Ko a tatsuniya haka abin ya ke. Gizo ya yaudari giwa da dorina suka yi ta jan igiya, kowace tana tsammani da shi ta ke ja, amma shi ma kwaɗayinsa ya kan kai shi ya baro. Macijiyar rijiyar Kusugu ta hana mutanen Daura ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kanta. Da ba ta saruwa, da babu labarin. Mutanen Japan ma a kan wannan suka kafa nasu wasan: ruwa ya kan ci wuta, wuta ta ci ciyawa, ciyawa ta ci ruwa, ba wanda ya ke bisa kowa.

Sai aka tsai da wasa, aka koma shiri, har mako uku ana ja-in-ja. Aka yarda kowane dodo yana da baiwa biyu da lago ɗaya, mai shi kuma ya faɗi lagon a gaban kowa. Aka yarda ba mai cewa "na kashe." Abin da mutum zai faɗa shi ne abin da dodonsa ya yi niyya, abokin karawa ya faɗi yadda nasa ya tare, alƙali ya yanke. Alƙalanci kuwa zagayawa ya ke yi, mako mako, don kowa ya ɗanɗana yadda a ke ji in an yanke hukunci an yi fushi da mutum. Dodon da aka kayar ba ya mutuwa, jiyya ya kan tafi ta kwana bakwai. Ƙarfi kuma ba a samunsa da faɗa kaɗai: wanda ya ba da labarin yadda ya ciyar da dodonsa, ya kai shi rafi, ya koya masa wata dabara, a kan rubuta masa lamba guda. Wannan doka ita ta fi kowace amfani, domin ta nan mai gadi, da aka lallaso shi ya komo, ya riƙa saka labarin Legas cikin labarin mujiyarsa, har 'yan'uwa suka san ɗakin da ya ke kwana da irin abincin da ya ke ci.

Sauran sharuɗɗa ba su ɗau lokaci ba. Ba a sa kuɗi, kada ya zama caca. Ba a kiran sunan aljani ko na bori. Ba a farawa sai bayan sallar lisha. In ruwa ya sauka an shiga noman firi, a rufe fage sai kaka.

Saura wanda zai riƙe lissafi, gama murya a waya ta kan nutse cikin ɗaruruwan saƙonni, waya kuma ta kan lalace ko a sace ta. Cikinsu akwai wani manomi da bai yi makaranta yana yaro ba, sai da ya yi aure ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sayi littafi mai layi, ya ba kowane dodo shafi guda: suna, baiwa, lago, lambobi. Duk gardamar da ta tashi sai a ce a tambayi magatakarda. Shi kuwa ya buɗe, ya bi da yatsa, ya karanta a hankali, magana ta mutu.

Shafin baƙin sa ya daɗe da gurbi a wajen lago. Kwana goma ɗan mahauta bai ce uffan ba, ba kuwa wanda ya matsa masa. Ran nan da dare, bayan ya kashe wutar tukuba, ya aiko da murya, ana jin ƙarar motocin Fatakwal a bayansa. Ya ce, "Magatakarda, rubuta. In ya ji ƙanshin fura, sai ya tsaya ya juya yana duban arewa. A lokacin ko yaro ya ture shi."

Magatakarda ya tambaya ko da ƙ mai lanƙwasa a ke rubuta ƙanshi. Aka ce masa i. Ya rubuta.