Warin Fetur da Haƙurin Bakanike

Akwai wani dattijo mai ciyar da iyalinsa da wata tsohuwar mota ƙirar 1998, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Kwatsam sai warin fetur ya addabi motar, fitilar gargaɗi kuma ta ƙi mutuwa, har fasinjoji suka soma gudunsa don tsoron gobara.

Da ya je gareji, yara suka ce a cire kayan duka a huta. Maigidansu kuwa ya ce, "Baba, a bi sannu." Ya bayyana masa cewa tun 1971 motocin Amurka ke ɗauke da wani gwangwani mai gawayi, wanda ke tsotse tururin fetur daga tanki. Idan inji ya yi zafi, sai wani bawul ya buɗe, tururin ya shiga inji ya ƙone.

Bakaniken ya fara da abu mafi arha, wato murfin tanki, ya tarar robarsa lafiya lau. Ya hura hayaƙi cikin tiyo, bai ga ɓula ba. Bawul ma yana aiki. Amma da ya kwance gwangwanin, sai ya ji shi da nauyi, fetur na ɗiga.

Ashe dattijon ne kan girgiza motar a gidan mai don tanki ya cika maƙil, rarar ta malala ta jiƙe gawayin. Garin neman ƙiba ya samo rama. Aka sauya gwangwani, wari ya ɗauke. Tun daga ranar, da zarar famfo ya tsaya sai ya ce, "Ya isa haka, yaro."