Dabbobin Dawa Amana Ne

Yaranmu sun san zaki a tatsuniya, sun san kura a karin magana, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ko sawun ɗayansu. Sunayen suna bakinmu, masu sunayen kuwa sun ƙaura. Ban gane girman wannan rashi ba sai da na je Dinder, babban gandun dajin ƙasar Sudan.

'Yan shekaru kafin yaƙi, aikin ikilisiya ya kai ni Omdurman, birnin da ke kallon Khartum daga ƙetaren Kogin Nilu. Kasuwarsa ta daɗe da suna wajen sassaƙar hauren giwa, amma babu giwa ko ɗaya a kewayen. Tsohon gidan namun dajin Khartum ma an tashe shi, an gina babban otal a filinsa. Wanda yake so ya ga dabba a gidanta, sai ya yi tafiyar yini guda zuwa kudu maso gabas. Haka muka yi da waɗansu 'yan'uwa, muka bi ta Wad Madani da Sennar, muka ratsa Mai Wurno, garin da mutanen ƙasarmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

An keɓe Dinder a 1935, a bakin iyakar Habasha, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000. Da rani ake shigarsa, gama da damina laka takan rufe hanya. A sansanin Galegu aka haɗa mu da jagora, mai gadin daji riƙe da bindiga, wanda yake jin Hausa sarai. Ya ba mu doka uku: kada a sauka daga mota sai ya ce, kada a ɗaga murya, kada a jefa wa dabba abinci.

Da asuba ya kai mu bakin wata fadama, irin wadda suke kira maya. Kogin Dinder yakan cika da ruwan duwatsun Habasha da damina, da rani kuwa ya ƙafe ya bar rairayi. Fadamun nan ne suke riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har ruwan sama ya dawo. Nan muka ga garken ɓauna sun taso da ƙura, ga gwambaza, ga kwanta-rafi, ga mugun dawa ya durƙusa yana tonon saiwa. Jimina tana takawa a hankali, zabi kuma ba su ƙirguwa. Jagora ya nuna mana sawun zaki a ƙarƙashin goruba, da dare kuwa muka ji rurinsa, hira ta tsaya cik.

Na tambaye shi ina raƙumin dawa. Ya ce, “Malam, ka makara. Kakanninmu ne suka gan shi a nan.” Ya bayyana mini cewa manyan gonakin inji sun cinye dajin da dabbobi suke komawa da damina, sun kuma toshe burtalin makiyaya. Makiyayi da ya rasa makiyaya sai ya koro shanunsa cikin gandu, su sha ruwan fadamar da ɓauna take dogara da ita. Bai zagi makiyayan ba. Ya ce ƙishirwa ɗaya ce take korar kowa zuwa wuri ɗaya.

Wannan magana ta zauna mini. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun ƙware a na fari, mun yi sakaci da na biyu. Keji kuwa ba kiyayewa ba ne. A Janairun 2020 duniya ta ga hotunan zakuna a wani lambun Khartum, yunwa ta mai da su ƙashi da fata. Matasan birnin suka tashi suka ceci waɗanda suka rage. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, sai da aka sake kwashe zakunan da ke hannunsu, waɗansu aka kai su Urdun da Afirka ta Kudu. A 2024 faɗa ya kai garin Dinder kansa. In mutane suna gudun ransu, wa zai tsare fadama?

Mai karatu, kada ka ce abin na nesa ne. Muna da Yankari a Bauchi, inda waɗansu daga cikin sauran giwayenmu suke. A Kure kuma, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa wajen 50 a 1996, amma da manoma suka yarda su zauna tare da su, suka haura 600. Ashe abin da ya kusa ƙarewa yana iya farfaɗowa, in aka bar masa ruwa da wurin kiwo.

Saboda haka mu yi wa mutanen Sudan addu'ar salama. A gida kuma mu hana cinna wa daji wuta domin kamun gafiya, mu bar burtali a buɗe, mu kai yaranmu su ga giwa tun tana nan. Abin da aka ba mu amana, za a tambaye mu lissafinsa.