Ranar da Bi-but Ta Ƙi Yin Ribas

Tsohuwar Marsandin nan da muke kira Bi-but, wadda Jamusawa suka sani da W124, tana da lalurar da duk mai otomatik ɗinta zai tarar in ya daɗe da ita. Ka sa ribas ta yi jim, sai can ta fizga. Wata rana kuma, musamman in mai ya ɗauki zafi, injin ya yi ta kuka mota ba ta motsa ba, alhali gaba lafiya lau take tafiya. Yawanci faifan kulocin ribas ne suka cinye, waɗanda ake kira B3. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Inda suke zaune ne matsalar, don suna bayan famfon mai, sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai gare su.

A nan Jamus lissafin a kan hannun bakanike yake. Gareji da yawa suna karɓar sama da Yuro 100 a kan aikin awa guda, saboda haka mai motar yakan tsaya ya auna. In motar ta haura shekara 30 kuma an kula da ita, tana iya samun lamba mai harafin H ta motocin tarihi, tsarin da aka fara a 1997. Irin wannan ake kai wa gwanin giyabos, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya auna tazarar faifai, ya sa sabbin robobi da matatar mai, ya ba da takardar garanti. In kuwa ta kwana biyu a wahale, sai a sayar wa dillali, ta hau jirgin ruwa daga Hambog ko Antuwaf, ta sauka Kwatano.

Wato mu ke gadon cutar. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a gida, inda kuɗin aiki ke da sauƙi, ba kasafai ake buɗe giyabos ɗin otomatik ba. Maigida zai fara da koyon fakin inda ba sai ya ja da baya ba, in ta kama yaran unguwa su tura. Daga nan a canza mai, wani ma ya zuba mai kauri wai ya riƙe. In abin ya ci tura, bakanike ya ce, “Alhaji, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a ɗauko na Beljiyam.” To wa ya san abin da ya sa aka ciro na Beljiyam ɗin? Sau da yawa sa'an wanda ya mutu ne, an sayi gyaɗa a rufe cikin buhu.

Ba na raina makanikanmu. Mutumin da ke sauke inji a gindin bishiya da sarƙa, faifan kuloci ba za su gagare shi ba. Abin da ya rasa shi ne littafin aikin, da ma'aunin ƙarfin mai, da wuri mai tsabta, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe hanyar mai. Masu shigo da kayan gyara, ku riƙa haɗo mana da saitin faifai da robobi, kwali guda ya isa a ceto giyabos.